Mas'alar Barcin Kifi, da Bayanin Cewa Buɗaɗɗen Ido Ba Shaidar Farkawa Ba Ne

Ga wata mas'ala da aka kawo mini daga rumfar masu kifi. Gardama ce ta tashi tsakanin mutum biyu. Ɗaya falke ne mai sarin banda daga Yawuri, ɗayan kuwa yana da kududdufin siminti a bayan gidansa inda yake kiwon tarwaɗa da karfasa. Falken ya ce kifi ba ya barci ko kaɗan, hujjarsa kuwa ita ce ya tsufa yana juya kifi, ɗanye da busasshe, bai taɓa ganin ko guda da ido a rufe ba. Mai kududdufin ya ce shi dai in ya leƙa da tsakad dare yakan tarar karfasa sun yi tsit a ƙasan ruwa kamar duwatsu, amma da aka ƙure shi da maganar ido sai ya rasa ta cewa. Gardamar nan ba ta hira kaɗai ba ce, gama mutumin ya kafa ƙwan lantarki bisa ruwan yana ci har asuba don tsoron ɓarayi. In ya tabbata kifi na barci, to ya shiga haƙƙin dabbobinsa, ya kuma taɓa aljihunsa bai sani ba.

Amsa a taƙaice ita ce kifi yana barci. Amma da yake ba a karɓar magana sai da dalili, ga dalilan bi da bi.

Fasali na farko: maganar ido

Ka sani, ya kai mai karatu, fatar ido ba don barci kaɗai aka yi ta ba. Babban aikinta shi ne jiƙa ƙwayar ido da share mata ƙura, shi ya sa muke ƙiftawa ko da muna farke. Wanda ke zaune cikin ruwa dare da rana kuwa, idonsa ba ya bushewa, ƙurar hunturu ba ta isa gare shi. Saboda haka mafi yawan kifaye ba su da fatar ido sam. Ba ƙin rufewa suke yi ba, abin rufewar ne babu. Maciji ma haka yake, wata fata ce garau ta lulluɓe idonsa ba ta motsi, ba kuwa wanda ya ce maciji ba ya barci. Sa'an nan ga wata hujja daga cikin kwandon falken kansa: bandar da yake sayarwa idonta a buɗe yake, alhali ta daɗe da mutuwa. Idon da bai rufu ba ran mutuwa, yaya za a nemi ya rufu don barci?

Idan ka ce, to da me za a gane barci in ba da ido ba, sai mu ce malaman fiƙihu sun riga sun share mana hanya. Duk wanda ya karanta Ishmawi ya san an kasa barci kashi huɗu a babin abin da ke warware alwala, ana duban nauyinsa da sauƙinsa, da tsawonsa da gajartarsa. Da masu sharhi suka zo bayyana barci mai nauyi, ba su auna shi da fatar ido ba. Alamomin da suka kawo su ne carbi ya suɓuce daga hannun mutum bai sani ba, ko a ɗaga murya kusa da shi bai ji ba, ko yawu ya zubo masa bai farga ba. Mutum yakan rufe ido yana sauraron karatu, hankalinsa cif, alwalarsa na nan. Ashe ma'aunin barci shi ne gushewar ji da farga.

Masana halittu na wannan zamani, da suka so auna barcin dabbobin da ba su da fatar ido, kusan nan suka sauka. Sharuɗɗansu huɗu ne. Na ɗaya, dabba ta natsu ta daina motsi, a wani wuri da wani irin kwanci da ta saba, a lokaci sananne na dare ko rana. Na biyu, jinta ya yi nauyi, watau ɗan motsin da zai razana ta tana farke yanzu ba ya tada ta. Na uku, in aka taɓa ta da ƙarfi ta farka nan take, wannan ne ya raba barci da suma ko ciwo. Na huɗu, in aka hana ta yau, gobe ta rama. Duk halittar da ta cika waɗannan, an hukunta tana barci.

Fasali na biyu: abin da aka gani

Maganar ba sabuwa ba ce. Arisɗo, masanin Yunanawa wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi littafi a kan dabbobi, aka juya shi zuwa Larabci zamanin Abbasiyawa. A ciki ya tabbatar kifi na barci ko da yake ido a buɗe, kuma daga bakin masunta ya ɗauko shaidarsa, cewa akan tarar da kifi ya yi shiru ba abin da ke motsi sai ɗan wutsiyarsa, har a kai masa hannu ko mashi bai farga ba.

A zamaninmu kuwa an sa abin a ma'auni. Cikin shekarar 1976 wasu masana a Afirka ta Kudu suka tsare wata irin karfasa ta ƙasar Mozambik cikin tankin gilashi, suna dubanta dare da rana. Suka ga da dare takan sauka ƙasa ta natsu, numfashinta ya ragu, in an jefa abinci ko an ɗan taɓa ta ba ta zabura kamar yadda take yi da rana. Wannan shi ne daidai abin da mai kududdufinmu ya gani da idonsa.

Amma kifin da ya fi kowane ba da shaida wani ɗan ƙarami ne na kogunan Indiya da Bangaladash, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Turawa suna kiransa da sunan jakin dawa saboda zane-zanen da ke jikinsa. A shekarar 2007 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana abin da suka gani gare shi. Da dare yakan tsaya cik, ko a ƙasan ruwa ko dab da samansa, wutsiya ta ɗan sunkuya, jinsa ya yi nauyi. Suka riƙa tsikararsa da ɗan lantarki mara cutarwa don kada ya samu natsuwa. Da suka ƙyale shi cikin duhu sai ya rama barcin da aka hana shi. Sharaɗi na huɗu ya cika ke nan. Suka kuma ga wani abu da ya shafi mas'alarmu ƙwarai, watau haske kaɗai, in aka bar shi a kunne, yana kusan kore barcin wannan kifi gaba ɗaya.

Cikin 2019 aka ƙara wani mataki a wannan jami'a. 'Ya'yan kifin nan suna ƙanana jikinsu garau yake kamar gilashi, ana hango ƙwaƙwalwarsu da bugun zuciyarsu ta madubin ƙara girma ba tare da an yanka su ba. Da aka duba sai aka tarar ƙwaƙwalwar tana shiga hali iri biyu lokacin barci. Ɗaya ya yi kama da barcinmu mai nauyi, ɗayan ya yi kama da matakin da mutum ya fi yin mafarki a cikinsa, jijiyoyin jiki su saki, bugun zuciya ya ragu. A wannan shekara kuma wasu masanan dabam suka nuna da kifin nan cewa ɓarnar da ke taruwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa lokacin farkawa, da barci ne ake gyaranta. Watau barci ba zaman banza ba ne, lokacin gyaran gida ne, kamar yadda maɗinki ke rufe shago ya zuba wa kekensa mai.

Fasali na uku: kowane kifi da irin kwancinsa

Idan ka ce yaya ba ya nutsewa ko ruwa ya tafi da shi, sai mu ce mafi yawan kifaye suna da jakar iska a cikinsu, ita ke riƙe su daidai inda suka tsaya, ba sama ba ƙasa, sai ɗan kaɗa fiffike don kada su karkace. Waɗansu kuma sukan shige kogon dutse, ko saiwar itace, ko cikin ciyawa, inda ruwa ba shi da ƙarfi. Sa'an nan akwai wani layi da ya bi gefen jikin kifi daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa. Ko yana barci, in babban abu ya matso, wannan layi yakan tashe shi. Shi ya sa masunci mai wayo ba ya buga ruwa.

Ba kuma dukansu ke kwana da dare ba. Karfasa ta rana ce, da ido take kiwo, in duhu ya yi ta kwanta. Tarwaɗa da kurungu da minjirya kuwa masu yawon dare ne, da gashin bakinsu suke laluben abinci, da rana sai su laɓe cikin laka ko ƙarƙashin kututture. Sarkawan Kabi da masuntan tafkin Chadi sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa mai neman tarwaɗa yakan kafa ƙugiyoyinsa da almuru ya koma dubawa da asuba.

A teku akwai abin mamaki da ya fi wannan. Cikin Bahar Maliya, wanda alhazan dā suke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, da sauran tekuna masu ɗumi, akwai kifi mai launi da ke zaune cikin duwatsun murjani, bakinsa kamar na aku, har da sunan aku ake kiransa. Wasu irinsa, in dare ya yi, sukan shiga kogo su fitar da yauƙi daga gefen kai, su lulluɓe jikinsu da shi kaf kamar tanti, su kwana a ciki. Wani masani Ba'amurke ya bayyana wannan tun 1955. Daga baya masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka gwada amfaninsa. Akwai waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa masu shan jinin kifi da dare. Suka cire wa wasu kifayen mayafin, suka bar wa wasu. Waɗanda aka cire wa, fiye da tara cikin goma sun sha cizo, masu mayafi kuwa ɗaya ne kawai cikin goma. Ashe gidan sauro ne kifin nan yake ɗinka wa kansa kowane dare. To, ya ɗan'uwa, wanda ba ya barci me zai yi da gidan sauro? Akwai kuma danginsa da ke nutsewa cikin yashi da magariba, ba su fitowa sai gari ya waye.

Yawan barcin ma ya bambanta. A ƙasar Meziko akwai wani ƙaramin kifi iri biyu, asalinsu ɗaya. Ɗaya na zaune a koguna yana da ido, ɗayan na cikin ruwan kogon dutse inda rana ba ta taɓa shiga ba, makaho ne, shi ne kifin rijiya na haƙiƙa. A 2011 masana a birnin Niyu Yok suka auna barcinsu. Na kogi yakan yi fiye da sa'a 13 cikin yini da dare, na kogo kuwa tsakanin sa'a 2 da 4. Abinci ya yi ƙaranci a kogo, mai yawan kwanciya zai kwana da yunwa. Amma ka lura, duk da haka bai bar barci ba, rage shi ya yi. Ka kuma lura, wanda ba shi da ido ma yana barci, wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar ido.

Saura manyan kifayen teku masu haƙora, waɗanda Larabawa ke kira ƙirshi. An daɗe ana cewa su kam ba su kwanciya. Gaskiyar maganar kashi biyu ce. Wasunsu, da kifin tuna, ba su iya zuƙo ruwa da bakinsu suna tsaye, sai sun yi ta iyo baki a buɗe ruwa na ratsa wurin numfashinsu, in sun tsaya numfashi ya yanke. Hutun waɗannan cikin tafiya yake, su rage gudu, ko su fuskanci igiyar ruwa ta riƙa ɗaukarsu. Wasu kuwa suna iya kwanciya a ƙasa suna zuƙar ruwa. A 2022 aka auna wani irin waɗannan a Niyu Zilan, aka ga in ya shimfiɗe ya wuce minti 5 ba motsi, iskar da jikinsa ke ci takan ragu sosai, alamar barci ke nan. Shi wannan yana iya rufe ido, amma sau da yawa da ido buɗe aka same shi yana barcin.

Akwai kuma lokacin da kifi ke jinkirta barci don lalura. Waɗansu irin dangin karfasa, in suna gadin ƙwai, sukan kwana suna yi musu fifita da fiffike don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, kamar uwa mai jinyar jariri.

Fasali na huɗu: gaiwa

Wani zai ce, ai mu mun san kifin da ya fi kowa barci, ga gaiwa nan tana kwana rani guda cikin ƙasa. Wannan yana bukatar rarrabewa. Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. In ruwan fadama ya fara janyewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta wutsiya bisa kai, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama kamar kwasfa, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta don iska. Bugun zuciyarta da numfashinta su ragu ƙwarai, ba ci ba sha, tsokar jikinta ce ke narkewa a hankali tana rayuwa da ita. Maganar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce tsantsa. Haka za ta zauna wata da watanni sai ruwan damina ya jiƙa ramin, har an taɓa ajiye wata cikin busasshiyar laka fiye da shekara 3 aka zuba ruwa ta motsa.

Amma wannan ba shi ne barcin da muke magana ba. Barci yana zagayowa kowace rana, taɓawa kuma tana kore shi nan da nan. Halin gaiwa kuwa fari ne ke kawo shi, ruwa ke ɗauke shi, shi ya sa mai haƙa yakan ciro ta cikin kwasfarta bai ga ta zabura ta tsere ba. Dabarar tsira ce daga rani, ƙanwar barci ce amma ba shi ba ne.

Fa'ida ga masu kiwo da masu sari

Ga abin da ya kamata mai dukiya ya riƙe daga duk wannan.

Na farko, ka bar wa kifinka darensa. Ƙwan lantarki da ke haska ruwa har asuba yana hana karfasa kwanciya. Tarwaɗa kuwa mai son duhu ce tun asali, kuma masu binciken kiwonta sun ga cewa in haske ya yi yawa ba hutu takan yi ta kai da kawowa, faɗa da cizon juna su ƙaru, ƙananan kuma sun fi girma cikin inuwa. Abincin da ka saya da tsada sai ya tafi a zirga-zirga maimakon ya zama tsoka. In tsoron ɓarawo ne, juya fitilar ta haska katanga da ƙofa, ka bar fuskar ruwa cikin duhu, ka kuma sa wa kududdufin rumfa ko wani abin laɓewa.

Na biyu, ka ba kowane abinci a lokacinsa. Karfasa da rana, tarwaɗa kuwa ta fi karɓa da sanyin safiya da yamma zuwa dare. Abincin da aka watsa wa mai barci ƙasa yake sauka ya ruɓe ya ɓata ruwa.

Na uku, wanda ya fi duka, ka san bambancin barci da ciwo, gama a nan ne ake asara. Kifi mai barci a miƙe yake, baya sama ciki ƙasa, numfashinsa a hankali, launinsa yakan ɗan kwashe, in ka taɓa ruwa da ƙarfi sai ya wuntsila ya ɓace. Wanda ya karkace gefe ko ya juya ciki sama, ka taɓa shi bai gudu ba, wannan ba lafiya, sai dai wani irin kurungu da ke cikin Kwara da Chadi da Nilu wanda iyo a rigingine al'adarsa ce. In kuma ka fito da asuba ka tarar karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, kada ka ce yanzu suka tashi daga barci. Iskar numfashi ce ta ƙare a ruwan, domin gansakuka da ke ba da iska da rana ita ma ci take yi da dare, shi ya sa gab da fitowar rana ne ruwa ya fi talauci. Maza ka sauya ruwa ko ka motsa shi, ka dakatar da abinci. Ita tarwaɗa leƙowa sama ta haɗiyi iska ɗabi'arta ce, tana da wurin ajiyarta a cikin kai, wannan kada ya tsorata ka sai in ya wuce kima.

Na huɗu, mai ɗaukar kifi da rai zuwa kasuwa ya rufe mazubinsa da buhu mai shan iska, ya yi tafiyar da sanyi. Duhu yana kwantar da kifi, ya rage tsalle da raunata juna, ya isa kasuwa da kyan gani.

To, jama'a, hukuncin gardamar rumfa ke nan. Falke ya yi gaskiya da ya ce bai taɓa ganin kifi da ido a rufe ba, kuskurensa a ƙiyasi yake, ya auna mazaunin ruwa da mudun mazaunin tudu. Mai kududdufi ya yi gaskiya a abin da ya gani da tsakad dare, saura ya juya fitilarsa. Wanda kuma yake so gani ya kori ji, ya sami karfasa biyu ko uku ya zuba a babban baho, ya bar su cikin duhu har dare ya raba, sa'an nan ya zo a hankali da 'yar fitila mara ƙarfi ya duba inda suke da yadda suke. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.